Kawuna Mai Noman Kainuwa

Kwana bakwai aka yi ana zaman makokin kawuna, babu mutum ɗaya cikin danginmu da ya ambaci kududdufin. Abin da ya ƙona min rai ke nan, kuma ba zan haɗiye shi don kunyar kowa ba.

Liman ya ce mutum ne mai haƙuri, ba ya rasa sahun gaba. Gaskiya ne. Tsofaffin da suka yi aiki tare da shi suka ce babu wanda ya kai shi sanin fata, da ya shafa ƙirgi zai gaya maka ko saniyar ta sha wahala kafin a yanka ta. Wannan ma gaskiya ne. A cikin gida mata suna ta "Allah sarki, ya huta." Sai wata, ba zan faɗi ko wace ce ba amma ta san kanta, ta sunkuya ta ce wa ta kusa da ita, "Ya huta da shiga ruwa kamar agwagwa." Suka toshe baki da mayafi. Ina riƙe da tulu a bayansu. Da ba don matar kawu tana zaune cikin takaba ba, da na juye musu shi a ka.

Mutum ɗaya ne ya faɗi abin da ya kamata, shi ma baƙo. Wani dattijon Bafillace ne daga Bobi, ya zo rana ta uku. Na kawo abinci bakin zaure, sai na ji yana cewa, "Tun da mamacin nan ya kama aikin ruwan can, ban ƙara rasa ɗan maraƙi a mashayar gangare ba." Babban ɗan kawu, taubashina, wanda yake akawu a sakatariya, ya yi maza ya ce, "Allah ya ba da lada. Kai, a kawo wa baƙo fura." Maganar ta mutu a nan.

Shi ya sa na ɗauki biro. Na kusa shekara arba'in kafin na san yadda ake riƙe shi, rubutuna har yau karkatacce ne. Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci ta ce za ta gyara min baƙaƙe. Na ce mata baƙaƙe kaɗai, kada ta taɓa min magana.

Ga wanda bai san wurin ba: a bakin gari, ta hanyar Kaboji, akwai wata tsohuwar rumfar fata. Wani kamfani ne yake sayen ƙiraga da fatun awaki a wurin mahauta da Fulani, a shanya, a ɗaure, a loda a mota. Kafin a shanya sai an tsoma kowace fata a wani tankin siminti mai ruwan magani don kada ƙwari su ci ta a hanya. Kawu, yayan mahaifiyata, shi ne mai tsomawa. Fiye da shekara ashirin yana yi, da hannu tsirara. Tun ina yarinya na san tafin hannunsa da kanta mai tauri da ɗige-ɗige baƙaƙe. In ya shafa min kai sai gashina ya maƙale. Muna cewa hannun aiki ne.

Wajen shekarar da aka canja launin kuɗi kamfanin ya tattara ya tafi. Manaja ya ce a zubar da ruwan tankin a wanke. Kawu ya cire toshiyar. Ruwan ya bi magudana ya gangara kududdufin da ke bayan unguwarmu.

Da rani ne, awaki biyu-uku suka mutu, aka ce ciwon dabbobi. Damina ta sauka, kududdufi ya cika ya tumbatsa, ya malala cikin rijiyar da muke sha. Gida-gida aka kwanta da amai da gudawa. Manya suka tashi. 'Yata ta uku, wadda ba ta daɗe da yaye ba, ba ta tashi ba. Kwana biyu ta yi. Da hannuna na riƙa ɗura mata ruwan rijiyar nan, don an ce mai gudawa a yi ta ba shi ruwa.

Da duba-gari ya zo ya bi magudanar har bakin tanki ya sa aka rufe rijiyar, ban tsaya neman mayafi ba. Na iske kawu a zaurensa cikin maza. Na ce, "Kawu, kai ka kashe min 'ya."

Wani ya ce, "Ke, ƙaddara ce, ki ji tsoron Allah." Kawu ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Ku bar ta. Ni na cire toshiyar."

Bai ce umarni aka ba shi ba. Bai ce bai sani ba. Da ya kare kansa da na samu abin da zan yi ta cizo. Shekara biyu ban gaishe shi ba, ko ranar Salla.

A cikin shekara biyun nan ne ya fara abin da mutane suka kira hauka. Dafin bai tafi ba. Ya shige ƙasar da ke ƙarƙashin tankin da taɓon kududdufi, duk ruwan da aka yi sai ya sake tsattsafowa. Kuma can gangare akwai rijiya ta biyu, wadda duk unguwa ta koma sha, da mashayar da baƙi suke shayar da shanu. In kududdufi ya sake tumbatsa, can zai nufa.

Yadda ya gano, daga baya shi ya ba ni labari. Akuyar wani maƙwabci ta ci kainuwar da aka jawo daga bakin magudana, wato wannan koren ganye mai yawo a kan ruwa da saiwarsa a rataye, ta mutu a ranar. Sauran awakin da suka sha ruwa ta can ɗaya gefen ba abin da ya same su. Ya ce ya zauna a bakin ruwa har azahar yana juya abin. Abin da ya kashe akuyar a cikin ganyen yake. Ganyen kuwa ba shi da wurin samunsa sai ruwa. To ashe tana zuƙewa. Ya je ya tambayi duba-gari, shi kuma ya ce masa yana yiwuwa, tsiro yana shan abin da ke cikin ruwa, amma kada ya kuskura ya ce wa kowa ruwan ya shawu.

Da fartanya da daro ya raba kududdufin gida uku, ya yi musu ganuwa da jar ƙasa. Ruwa ya fara zama a na farko, ya tsiyaya na biyu, ya tsiyaya na uku, kafin ya fita gangare. Yana hawa keke ya tafi wata fadama mai tsabta ta hanyar Nasko, ya cika buhu da sabuwar kainuwa, ya jiƙa, ya ɗauro a baya yana ɗiga masa a riga. Ya watsa ta. In ta yi kwanaki ganyen ya fara rawaya, saiwar ta yi duhu, sai ya shiga da manjagara ya kwashe, ya shanya a kan daɓen tsohuwar rumfa, ya kewaye da ƙaya. In ta bushe ya ɗauka a ka zuwa wani tudun marmara inda ruwa ba ya kwanciya, ya haƙa rami mai zurfi ya binne. Ya koma fadama. Haka, shekara goma sha ɗaya.

Yara suka sa masa waƙa. Manya suka ce tsafi yake binnewa. In an tsokane shi sai ya ce, "Kowa da gonarsa. Tawa dai ba a cin amfaninta." Wani lokaci ya ce, "Ba kashe dafin take yi ba, ɗauka take yi, kamar ɗan dako. In ba ka sauke mata ba za ta ruɓe ta mayar da shi inda ta ɗauko."

Wata safiya ya zo ƙofar gidanmu da ƙwarya a hannu. Bai shigo ba, ya san ba na son ganinsa. Ya ɗaga murya ya ce, "A gaya wa Mai-baki talibambam sun rayu a na uku." Mai-baki yake ce min tun ina ƙarama. A cikin ƙwaryar 'ya'yan kwaɗi ne suna ta wutsil-wutsil. Shekara biyu ba a ga mai rai a ruwan nan ba. Daga bayan katanga na ce, "A ce masa ya dafa ya ci." Sai na ji ƙarar kekensa.

Ba ni da uzuri a kan wannan, na rubuta ne don haka aka yi.

Abin da ya dawo da mu magana, laifina ne. Kowace mace a nan ta san tokar kainuwa tana da ƙarfi, in aka tace ruwanta ya fi kanwa kashe tsamin yakuwa, masu sabulun salo kuwa nemanta suke. Ni kuma ban taɓa tsayawa na ji dalilin binnewar ba, tunda ba na sauraronsa. Na ga tulin busasshiyar kainuwa yana zaune a banza, na ce tsohon nan ɓarna yake. Na janye ƙaya na cika daro. Na ƙona, na tace, na zuba a miya.

Ya lura tulin ya ragu. Ya bi ganyen da ya riƙa zubewa a hanya har ƙofar gidanmu. Dattijon da bai taɓa shiga gidan kowa ba sallama, sai ga shi tsakar gida a guje, wando a naɗe, taɓo har gwiwa. Uwar mijina tana kan tabarma, yara sun jeru da kwanoninsu. Ya sa ƙafa ya hankaɗe tukunyar daga kan murhu. Miya ta watse, ta ƙona shi a ƙauri.

Na miƙe na buɗe baki. Na tara maganar shekara biyu. Sai na ga ya zauna daɓas a ƙasa, yana duban kwanonin yaran ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Sun ci?"

Na ce, "Ba su ci ba."

Ya ce, "Ke fa? Kin ɗanɗana gishiri?"

Na ce, "Ban kai ga ɗanɗanawa ba."

Ya rufe fuska da hannuwan nan nasa. Ya ce, "Ɗaya ta isa, Mai-baki. Ɗaya ta ishe ni."

Uwar mijina ce ta tashi ta kawo ruwan sanyi ta zuba masa a ƙafa. Ranar gayan tuwo muka ci, da mai da yaji, shi ma tare da mu.

Kawu ne ya sa ni makaranta. Mutane suna tsammanin rigimata ce ta kai ni, a'a. Ya zo wurin maigidana ya ce, "Ka ba ni aron matarka awa biyu bayan la'asar. Ido nake nema. Nawa na allo ne, abin da nake son karantawa kuwa da boko aka rubuta." Maigida ya ce, "Kawu, wannan in ta iya karatu ai mun shiga uku." Kawu ya ce, "Ai kun riga kun shiga, gara ta riƙa zaginku da hujja."

Akwai wani tsohon duro na maganin da ya ɓoye a rumfa, da rubutu a jikinsa. Ɗansa akawu ya iya Turanci sarai, amma ya ƙi taka wurin, wai a ofis ana ce masa ɗan agwagwa. Na yi wata takwas kafin na yarda da kaina. Na je na durƙusa gaban duron na kwafe baƙaƙen ɗaya-ɗaya a littafina, harshena a waje. Babbar kalmar na haɗa ta da kaina: asenik. Sauran na kai wa malama ta fassara min. Na dawo na same shi a bakin na biyu yana wanke manjagara.

Na ce, "An ce guba ce. An ce kada a zubar kusa da rijiya ko rafi."

Ya gyaɗa kai.

Na ce, "An ce mai aiki da shi ya sa safar hannu ta roba."

Ya ce, "An rubuta haka?"

Na ce, "An rubuta."

Ya juya tafin hannunsa yana kallo. Can ya dubi duron ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Shekara ashirin muna tsaye kafaɗa da kafaɗa da wannan, bai taɓa ce min komai ba."

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na ce. Yana da taurin kai kamar jaki a bakin gada. Na samo masa takalmin roba, ya sa kwana uku ya ce yana hana shi jin ƙasa. Ya bar gonarsa ta dawa ta lalace, matarsa ta sha wahalar da bai kamata ta sha ba. Bikin 'yarsa ma sai da aka je aka fito da shi daga ruwa. In ka ce masa sannu da aiki sai ya tsare ka da bayanin saiwa har ka yi da-na-sanin gaisuwa. Amma bai taɓa yi wa kowa ƙarya a kan ruwan ba. Ko na ukun, in ya ga mace ta sunkuya da tulu, zai daka mata tsawa: "Ba na sha ba ne! Mugunta kawai na rage masa." Kuma duk shekarun nan rijiyar gangare ba ta kwantar da kowa ba.

Bara wani ƙurji ya fito masa a tsakiyar tafin dama, cikin kantar. Ya ƙi warkewa, ya zama gyambo. A asibiti suka ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi nisa. Ya dawo gida ya kwanta.

Kullum na shiga gaishe shi tambayarsa ɗaya ce: "An kwashe na farko?" Nakan ce an kwashe. Sau biyu kaɗai na je. Ga yara, ga girki, ga jinya, na ce wa kaina in ya samu sauƙi ma yi. Yana kallona, ina jin ya sani.

Ana saura kwana biyu ya rasu, na kawo masa kunu. Ya ce matarsa ta ba mu wuri. Ya ce, "Mai-baki, maganar yarinyar nan. Ki yafe min."

Na daɗe da yafewa. Tun ranar tukunya na yafe. Amma bakin nan nawa da bai taɓa rasa abin faɗa ba, ya ƙi buɗuwa. Abin da ya fito shi ne, "Kawu, sha kunun kada ya huce." Ya sha cokali biyu don ya faranta min. Na ce gobe zan faɗa masa da kyau, in na shirya. Washegari ba ya gane mutane. Na faɗa a kunnensa har sau uku. Ban sani ba ko ya ji.

Ranar sadakar bakwai, da la'asar an fara naɗe tabarmi, matar kawu ta yafito ni ɗakinta. Ta ce, "'Yar nan, ni ba halin fita. Ɗan'uwanki ya ce wa masu sabulun Nasko su zo gobe su kwashe tulin da ke kan daɓe, kyauta. Ya kuma yi magana da masu tubali su fasa ganuwar su ɗebi ƙasa."

Masu sabulun nan ba sabulu kaɗai suke yi ba, suna ƙulla toka su kai kasuwa, mata su saya su zuba a miya. Damina kuma saura kwana kaɗan.

Na same shi a bakin zaure yana sallamar baƙi. Taubashina ne, tun muna yara ba ma raga wa juna, amma ranar ba wasa a bakina. Na ce, "Malam akawu, ashe rabon gado har da guba? Gida nawa za ka aika wa?"

Ya ce, "Yaya, don Allah. Ciyawa ce busasshiya."

Na ce, "Ka iya Turanci, je ka karanta duron. Ni da na koya da furfura na karanta."

Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Shekara goma ina shiga ofis ana min kukan agwagwa. Ruwan nan ya cinye min uba yana raye, ya ƙarasa shi. Ba na son in ƙara ganinsa."

Na ce, "Rumfa ta kashe shi, ba kududdufi ba."

Ya ce, "To wa ya tura shi ciki? A zauren nan kika tsaya, ina nan, na ji abin da kika ce masa."

Har yanzu da nake rubutun nan ban samu amsar wannan magana ba. Shi ma kuka yake, na gani, maraya ne kamar kowa. Na juya na shiga gida.

Allah, ga bawanka nan ya zo maka da hannuwan da ka gani. Ya yi kuskure ɗaya da rana tsaka a kan umarnin wani, ya biya shi da sauran kwanansa ba wanda ya sa shi. Ka wanke shi fiye da yadda ya wanke mana ruwa, ka sanyaya masa makwanci, ka haɗa shi da yarinyar, ita za ta iya faɗa masa abin da uwarta ta kasa.

Washegari da na idar da sallar asuba na ce wa maigida yau ya nemi karin kumallo a waje. Ya dube ni, ya dubi daron da ke hannuna, bai tambaya ba. Na ɗaura leda a hannuwana na tafi rumfa. Sawu huɗu na yi zuwa tudun marmara kafin rana ta yi zafi. Ina cika na biyar sai ga masu sabulu su uku da buhunansu. Babbarsu, wata dattijuwar Bakambara, ta ce da Hausarta mai nauyi, "Mai gida ya ba mu wannan."

Na ce, "Mai gida ya rasu, Inna. Wannan kuwa in kika ƙona kika sayar, sai kin yi zaman makoki a gidan da ba ki sani ba." Na gaya mata komai, har da 'yata. Sannan ta jefar da buhunta, ta ce wa sauran su matsa baya, ta naɗe hannu da gefen zane ta kama min bakin daron ta ɗora min a ka.

Da na binne na ƙarshe na dawo bakin na farko. Wata biyu ba a kwashe ba, ta yi rawaya, gefe-gefe ta fara ruɓewa tana nutsewa. Can na hango masu tubali suna tahowa da diga a kafaɗa. Na tattare zanena na soke a ƙugu, na shiga. Ruwan ya kai min cinya, taɓo yana jan ƙafata. Na fara kwasa daga bakin magudana.